Kafin Baƙo Ya Iso: Yadda Iyalin Ɗan Mishan Ke Shirin Barin Ƙasarsu

Gaisuwa ga makiyaya na ruga da na mashekari, da 'yan kasuwa masu ƙetare iyaka safe da yamma, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, daga Daura zuwa Matamaye. Allah ya sa dabbobi na lafiya, ya sa kasuwa ta yi albarka.

In kana bin hanyar Ƙonni zuwa Madawa, ka san Galmi. Wani ya san ta don albasa, wani don asibiti. Asibitin nan 'yan mishan ne suka buɗe shi a 1950, kuma har gobe ana kai marasa lafiya daga Nijar da Nijeriya. Haka na Danja kusa da Maraɗi, wanda ya yi suna wajen jinyar kuturta. Wataƙila a can ka taɓa ganin likita Bature yana tambayar ka da Hausa inda ke maka ciwo, matarsa na cinikin tumatir a kasuwa, 'ya'yansu na wasa da ƙasa. Shirinmu na yau kan abin da ya faru ne kafin ka gan su: yadda iyali guda ke kwashe kayansu daga Amurka ko Kanada ko Ostareliya su nufo nan. Kai da ƙaura ce sana'arka, za ka gane wannan magana fiye da mai zaman ofis.

Mu fara da gaskiyar lamari. Ɗan mishan Kirista ne da ya bar gida don addininsa. Ko likita ne, ko malamin gona, ko mai haƙa rijiya, yana ganin aikin nan ibada ne, kuma yana fatan mutane su ji saƙon addininsa, abin da suke kira bishara. Su da kansu ba sa ɓoye wannan. Mafi yawan masu saurarenmu Musulmi ne, akwai kuma Kirista a cikinmu, kowa da addininsa. Amma sanin baƙo, da abin da ya kawo shi, ya fi jita-jita amfani.

Shirin yakan fara ne a cikin ɗaki, tsakanin miji da mata. Ƙungiyoyin da ke tura su ba sa karɓar miji shi kaɗai in matar ba ta amince ba, domin an sha gani: in uwar gida ba ta da natsuwa, zaman ba ya ɗorewa. Ana yi musu tambayoyi, a binciki lafiyarsu, a nemi shaidar majami'arsu, a duba ko akwai bashi a kansu. Kai ma ka sani, Malam makiyayi, ranar tashi ba kai kaɗai ke yanke ta ba. Sai an dubi mai ciki, an dubi tsoho, an dubi saniyar da ta haihu jiya.

Sai batun kuɗi. Mutane da yawa na zaton gwamnatinsu ce ke biyan su albashi. Galibi ba haka abin yake ba. Iyalin ne ke zagayawa majami'a bayan majami'a, gida bayan gida, suna bayanin inda za su da abin da za su yi. Wannan ya ce zai riƙa ba da kaza kowane wata, wancan ya ce kaza. Sai alkawuran sun cika abin da ƙungiya ta ƙayyade, na abinci da haya da magani da karatun yara, sannan a ba su izinin sayen tikitin jirgi. Wannan zagaye kan ci shekara, wani lokaci fiye. Kuma in sun zo, dole su riƙa aika labari gida a kai a kai, domin in masu bayarwa suka ja hannu, zama ya ƙare. Ɗan kasuwar da ke juya jarin mutane ya san nauyin irin wannan amana.

Daga nan a shiga rabuwa da kaya. A sayar da mota, a sayar da gida ko a sa 'yan haya, a raba kujeru da tukwane ga dangi. Abin da aka tara shekara goma ya koma 'yan akwatuna da jirgi zai yarda ya ɗauka. Yaro ya zaɓi abin wasa ɗaya ko biyu, sauran a bayar. A da can cikin ganguna ake zuba kaya a aiko su ta jirgin ruwa, su yi watanni kafin su iso.

Sai takardu da allurai. Fasfo ga kowa har jariri, biza, da takardar izinin zama. Ga katin rigakafin cutar shawara, katin nan ruwan ɗorawa da ake tambaya a filin jirgi da kan iyaka. A nan akwai abin da ya shafe ka kai tsaye: katin yana fara aiki ne kwana 10 bayan an yi allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. In kana da naka na gaskiya, ka adana shi cikin leda, kada wani ya ce maka ya tsufa. Su kuma baƙin nan, bayan shawara akan yi musu ta sanƙarau da taifot da cizon mahaukacin kare, su tanadi maganin zazzaɓin cizon sauro, domin jikinsu bai saba da shi ba.

Da rayuka aka koyi wannan darasi. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar Hausa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Ba ƙungiyar da ta tsaya musu, ba su san ƙasar ba, ba su san cututtukanta ba. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham ya koma gida da ƙyar. Sai a 1902 suka iya kafa zango a Patigi. Ƙungiyar da ta fito daga wannan tafiya, wadda ake kira SIM, ita ce ta shigo Damagaram a 1924, daga baya ta gina asibitin Galmi.

Abin da ya fi yi wa iyalin nauyi shi ne mutanen da za a bari da yaran da za a ɗauko. Uba ya tsufa, uwa ba ta da lafiya, kuma an san ba lallai ne a samu jana'izarsu ba. Su kuma yara, ina za su yi karatu? Wasu uwar ke koyar da su a gida. Wasu a kai su makarantar kwana, irin Sahel Academy a Yamai ko Hillcrest da ke Jos tun 1942. Daga Maraɗi zuwa Yamai fiye da kilomita 600 ne. A zamanin da, har yara ƙanana akan kai su kwana, kuma da yawa cikinsu da suka girma sun faɗi irin ciwon da rabuwar ta bar musu. Shi ya sa iyalan yanzu ke daɗewa suna shawara kan wannan kafin su taso. Wanda ya taɓa barin ɗansa wajen malam a wani gari ya bi shanu kudu, ya san abin da ake nufi.

To, duk waɗannan ana iya lissafa su a takarda a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi su wuya shi ne harshe, da kunnen sauraro. Mai zuwa Nijar kan fara koyon Faransanci a Faransa ko Kanada, kusan shekara guda, don ya iya magana da hukuma. In ya iso ya soma Hausa ko Fulatanci ko Tamashek daga tushe. Babban likita sai ya koma kamar yaron goye, yana nuna abu da yatsa, yara na yi masa dariya. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ya yarda da makantarsa ya nemi ɗan jagora, shi ke amfanar mutane. Wanda ya ƙi, yakan koma gida da haushi.

Bari mu ɗauki misali da aka sani. Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ne, ya karanta ilimin gona. A 1981 ya zo Nijar da matarsa Liz da jariri, ƙarƙashin SIM, suka zauna yankin Maraɗi. Ya yi duk shirin da muka ambata, kuma ya zo da abin da aka koya masa: a rene itatuwa a gandu, a kai ƙauyuka, a dasa. Sai ga rana, ga iska, ga gara, ga awaki. Mafi yawan dashen mutuwa yake yi. Manoma ba su ga dalilin ɓata lokaci ba, balle a wancan zamani doka ta ɗauki itace a matsayin na gwamnati, ko da a gonarka yake.

A 1983 yana kan hanyar ƙauye ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi, sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba ganyen sai ya ga ashe itace ne da aka sare, kututturen na raye, saiwarsa na can ƙasa, kowace shekara yana tofo, kowace shekara a sassabe shi a ƙone. Irinsu miliyoyi ne a gonaki: kalgo, sabara, gawo da sauransu. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi rassa masu ƙarfi kaɗan a bari, a datse sauran, a kare su. Manoma ƙalilan ne suka yarda suka gwada, ana yi musu dariya. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Da abinci ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka ga itacen wuta, suka ga abincin dabba, suka ga iska ta daina binne shuka, sai maƙwabta suka soma kwaikwayo ba tare da an biya kowa ba. Shi ne ake kira sassabin zamani.

Yau ana ƙiyasin kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar ta wannan hanya. Rinaudo ya bar ƙasar a 1999, kuma a 2018 aka ba shi wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Ka lura da abu guda: cikin akwatunan da ya shiryo babu wannan dabara. A ƙasarku take, kuma hannun manoma ne ya yaɗa ta. Kai makiyayi, gawon da shanunka ke cin 'ya'yansa da rani a gonakin Maraɗi da Damagaram, wani ne ya rene shi. In za ka sassaro reshe, nemi izinin mai gona, kuma kada ka kashe uwar itacen.

Akwai wani shiri kuma da iyalan yanzu ke yi wanda na da ba su cika yi ba: zama a tattauna abin da za a yi in an sace ɗaya daga cikinsu. A rubuta wasiyya, a faɗi wanda zai riƙe yara. A watan Janairu na 2016 aka sace Dakta Ken Elliott da matarsa Jocelyn a Djibo ta Burkina Faso, inda suke riƙe da asibiti tun 1972. An sako matar bayan 'yan makonni, shi kuwa sai a watan Mayu na 2023, yana da shekara 88. Mutanen Djibo, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, su suka fito suna roƙon a sako likitansu. A watan Oktoba na 2016 aka ɗauke Jeffery Woodke daga gidansa a Abalak, inda ya daɗe yana aiki da makiyaya, aka kashe masu gadi biyu. Sai a watan Maris na 2023 ya samu kansa. Duk lokacin da irin wannan ta faru, ƙungiyoyi kan janye mutanensu zuwa manyan birane. Wa ke asara? Matar da naƙuda ta gardame mata da tsakar dare, da yaron da maciji ya sara a daji.

Kada kuma a ɗauka Turawa kaɗai ke wannan tafiya. Yau akwai iyalai daga Jos da Kaduna da Legas da majami'unsu ke turawa Nijar, Cadi, Kamaru har ƙasashen Turai. Su ma sai sun nemi masu tallafi, sun bar tsofaffi, sun koyi sabon harshe.

Me za ka riƙe daga shirin nan? In irin wannan baƙo ya zo rugarka ko rumfarka, kana da ikon tambaya: wa ya turo ka, me ka zo yi, ka gaida mai gari da arɗo? Mai gaskiya zai amsa ba tare da fushi ba. Magani ko rijiya ba a sayen addinin kowa da su. In wani ya gindaya maka wannan sharaɗi, ka kai magana ga shugabanni. In kuwa ya tambaye ka sunan ciyawa, ko inda ruwa ke kwanciya, ko dalilin da ya sa ba a bin wani burtali da damina, ka faɗa masa, domin abin da ya rasa ke nan. Kuma kada ka zama mai kai labarin inda baƙo ke kwana ga mutumin da ba ka sani ba, kome kuɗin da ya nuna maka.

Kai ma baƙo ne a wata ƙasa rabin shekara. Kafin ka tashi, duba katinka da takardun rigakafin dabbobinka, ka bar wa iyali abin da zai riƙe su, ka sanar da wani hanyar da za ka bi. In ka sauka, fara da gaisuwa da tambaya kafin ka kafa turke.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko ta hannun wakilanmu na kasuwanni. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu zaman lafiya da baƙinmu da maƙwabtanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.