Daga Gonar Taba Zuwa Masana'antar Magani

Yau labarin jihar Karolina ta Arewa a Amurka na kawo muku.

Da can, da noman taba da masaƙu jihar ta dogara. A 1959 aka ware fili tsakanin manyan jami'o'inta uku domin bincike, a 1984 kuma aka kafa cibiyar fasahar sarrafa ƙwayoyin halitta. Kamfanonin magani suka fara tururuwa.

To amma wa zai tsaya kan injin? Ai farfesa ba zai kwana a masana'anta ba. Sai aka waiwayi ƙananan kwalejojin jihar guda 58. Da wani kaso na diyyar da kamfanonin sigari suka biya, aka sayi kayan koyarwa. Mai shaidar sakandare kan yi kwas na 'yan watanni, ya fito ya nemi aiki.

A 2024, kamfanin Novo Nordisk ya sanar da ƙarin jarin dala biliyan 4.1 a garin Clayton.

Shi ya sa nake cewa, duk ɗan takarar da ya yi muku alƙawarin masana'anta, ku tambaye shi: wace makaranta za ta horar da ma'aikatanta?