Zango: Masaukin Fatake da ya Zama Unguwa

 

Duk wanda ya san Zinder ya san Birni da Zango. Birni shi ne mazaunin sarautar Damagaram, wanda Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa. Zango kuwa a bayan ganuwa ya tashi, daga arewa, inda ayarin Abzinawa da Larabawa ke sauke kaya. Gishirin Bilma da dabino da tufafin Kano suna shigowa, fatu da gashin jimina suna tafiya har Tarabulus. Sannu a hankali baƙi suka yi aure, suka gina gidaje, har attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna.

Faransawa sun kama garin a 1899. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya ja baya, kuma a 1926 aka mayar da babban birni Yamai. Duk da haka Zango bai watse ba, domin zumunci da makarantun allo da sana'ar hannu sun riƙe mutanensa.

Abin da ke buƙatar kulawa shi ne gidajen ƙasa masu zane a fuska. Kowace damina tana cin rabonta, magada suna rushewa su sa siminti, maginan da suka iya aikin suna ƙarewa. Gidan da aka yaɓe kafin ruwan fari zai ga jikoki. Hakkin yana kan masu unguwanni da magada da hukumar gari baki ɗaya.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.