Riƙon Zumunci a Lokacin Tsanani

Jawabi ga 'yan ajin yaƙi da jahilci na Tafashiya

Yau ba za mu taɓa allo ba. Magana ce na kawo muku a kan zumunci, da yadda addinin Kirista ya koyar a riƙe shi sa'ad da duniya ta yi zafi.

Kun sani a ƙasar Katsina akwai Hausawa Kirista, musamman wajen Malumfashi da Kafur da Matazu. Muna cin kasuwa tare da su, fari kuwa ba ya tambayar addinin mai gona. An buga littafinsu, watau Littafi Mai Tsarki, cikin Hausa tun 1932. Kyawun maƙwabci ya san abin da maƙwabcinsa ya riƙe.

Wahala ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun ga yunwar 1914 wadda ake kira Ƙaƙalaba. Dattawan da ke nan sun ga farin 1973. Mu kuma mun ga 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, mun ga tsadar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a 2023. A irin wannan lokaci ne wa yakan ɓoye wa ƙane rumbu. Mata ta yi yaji saboda cefane. Aboki ya sake hanya don kada a tambaye shi bashi. Yunwa takan wuce, amma gabar da ta haifa sai ta zauna har jikoki.

To, ga abu uku da Kirista suke koya wa 'ya'yansu.

Na fari, kada ka gudu ka bar naka. Suna ba da labarin wata mace, Na'omi, mutumiyar Baitalami. Yunwa ta kore ta da mijinta da 'ya'yansu biyu zuwa ƙasar Mowab. Can mijin ya rasu. 'Ya'yan suka auri matan ƙasar, bayan kamar shekara goma su ma suka rasu. Na'omi ta shirya komawa gida hannu wofi, ta sallami surukanta su koma gidan iyayensu. Ɗaya ta koma. Ɗayar kuwa, mai suna Rut, ta ƙi. Ku lura, igiyar da ta haɗa su ta riga ta tsinke, gama mijin ya mutu, babu ɗa, babu gado. Duk da haka ta bi tsohuwar nan zuwa ƙasar da ba ta san kowa ba.

Suka isa ana fara girbin sha'ir. Dokar ƙasar ta hana manomi ya kwashe gonarsa ƙaf, sai ya bar kala domin matalauta da baƙi. Rut ta shiga kala, da abin da ta tsinto ta ciyar da surukarta. Daga baya mai gonar, Bo'aza, ya aure ta, ta haifi ɗa wanda ya zama kakan Sarki Dauda. Ashe mutum biyu ne suka riƙe zumunci a nan: wadda ta ƙi gudu, da wanda bai share gonarsa ba.

Wannan koyarwa ta iso har ƙasarmu. A da, wanda kuturta ta kama akan ware masa ƙwarya da ɗaki, wani ma matarsa ta tafi. Kirista sun riƙe cewa Yesu Almasihu ya taɓa kuturu da hannunsa, saboda haka ba su ga dalilin ƙyamarsa ba. A wajen 1937 mishan na SIM suka karɓi aikin jiyyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da yardar hukumomin En'e. Yau kuturta tana warkewa sarai. Ana shan magani wata shida ko wata goma sha biyu, tun 1995 kuwa kyauta ake ba da shi. Wanda ya fara sha ba ya sa wa kowa. Kadan ɗan'uwanka ya ga tabo a jikinsa wanda ba ya jin taɓi, raka shi asibiti da ƙafarka, ku dawo ku ci tuwo tare.

Na biyu, a taimaka gwargwadon hali. A zamanin Kalaudiyas, wanda ya yi sarautar Rum daga shekara ta 41 zuwa 54, aka yi yunwa. Masu bi na birnin Antakiya suka tara gudummawa, kowa daidai ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwansu na Yahudiya ta hannun Barnaba da Bulus. Ba a jira mai arziki ba. Haka mu ma, mai tiya ya ba da tiya, mai dami ya ba da dami. Wanda ba shi da ko ɗaya yana da fartanya, sai ya je gayya a gonar marar lafiya ko ta gwauruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan ne karatunku zai yi muku rana. In kyauta ce, a ce kyauta ce. In rance ne, a rubuta: wane ya karɓi tiya kaza ta gero, ran kaza, zai biya da kaka. Shaidu biyu su sa hannu. Bashin da ba a rubuta ba shi ne yakan raba 'yan uwa ɗaya, domin kowa da abin da yake tunawa.

Na uku, kada fushi ya kwana. Koyarwarsu ita ce, in ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka tafi wurinsa ku biyu kaɗai tukuna. Kada ka fara kai maganar dandali ko bakin rijiya. In bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu masu hankali. Sai abin ya faskara sa'an nan a kai gaban jama'a. In kuwa ya nemi gafara, a yafe, ba a lissafa sau nawa. Dukanku kun san labarin Yusufu. 'Yan'uwansa suka sayar da shi, amma da yunwa ta kai su Masar, hatsi ya auna musu.

Iyayena, bazara tana zuwa kowace shekara, rumbu kuma yakan yi ƙasa. Kafin ajinmu na gaba, kowa ya tuna da mutum ɗaya wanda ya daɗe bai taka ƙofarsa ba. In yana kusa, a Kankiya ko Kusada, ku je, gama zumunta a ƙafa take. In ya tafi cin rani, ku rubuta masa layi uku da hannunku, a takarda ko a waya. Wanda harafi ya gagare shi ya zo, malamin aji zai taimake shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Tambayoyi

1. Me ya kai Na'omi ƙasar Mowab?
2. Wata nawa ake shan maganin kuturta?
3. Rubuta takardar rancen gero tiya biyar, da sunayen shaidu biyu.