CIWON DA BA SHI DA MIKI: JAN HANKALI GA MATASAN DADDARA

'Yan'uwa, abin da za mu tattauna yau shi ne ɗan'uwanmu da jikinsa ke ciwo kullum, alhali ba kumburi, ba miki, ba karaya. A gida a ce masa malalaci, a majalisa a ce sammu ne, shi kuwa ya rasa bakin magana.

Likitoci sun san wannan lalura, suna kiran ta fayibromayaljiya. Alamominta su ne ciwo a sassan jiki da yawa wanda ya wuce wata 3, da gajiya mai tsanani, da barcin da ba ya wartsakarwa, da yawan mantuwa. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ke ƙara wa zafin ƙarfi, shi ya sa a auna jini a ɗauki hoto a ce ba a ga komai ba. Tun 1990 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin gane ta. Ta fi kama mata, amma maza ba su tsira ba. Sai dai kada kowa ya yanke wa kansa hukunci. A je asibitin Jibiya, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a tabbatar ba sikila ba ce, ba amosanin gaɓɓai ba, ba ciwon maƙoƙo ba.

To, ina matsalar take? Mu nan abincinmu a ƙarfin jiki yake: dako, lodin mota, acaba, noma. Wanda bai fita ba bai ci ba. Kun ga yadda aka sha da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Mai lafiya ma ya ji a jikinsa, ina ga mai ciwo?

A Afirka ta Kudu gwamnati na biyan wanda lalura ta hana shi aiki kuɗi duk wata. A nan kuwa, dokar hana nuna wa masu nakasa wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware masu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, aka kuma kafa masu hukuma a 2020, amma ba ta yanka masu albashin wata ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta shafi wanda ya samu rauni ko cuta ta dalilin aikinsa ne. Ke nan ɗan dako a Magama in ya kwanta, Allah gatansa, sai kuma mu.

Shi ya sa wasu ke faɗawa tarkon tiramol. A haɗiya, a yi aikin mutum uku, gobe a kasa tashi, a ƙara wata. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Nijeriya ke shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba. Wannan cinye jari ne, ba cin riba ba.

Ga mai lalurar, shawara uku. Na ɗaya, raba aiki. Ranar da ka ji sauƙi kada ka ce sai ka rama na jiya, don kwana uku za ka biya. Na biyu, tun kana da ɗan ƙarfi koyi sana'ar da ba ta bukatar ɗaukar buhu: awo, gyaran waya, POS, riƙe wa ɗan kasuwa lissafi. Amma kada ka kwanta gaba ɗaya, domin tafiyar ƙasa kaɗan-kaɗan kullum da barci a kan lokaci suna cikin abin da aka tabbatar yana rage ciwon. Na uku, duk ranar samu cire na ranar rashi, kuma kada ka shiga adashin da zubinsa ya fi ƙarfin makonka mafi muni.

Mu kuma da Allah Ya ba lafiya, nauyi na kanmu. Fakiri da miskini da mai bashi suna cikin masu haƙƙin zakka, ba a kuma ce sai mun ga sanda a hannunsu ba. Maigidan da yaronsa ke fama, ya mayar da shi bakin shago maimakon ya sallame shi. Kowace majalisa ta buɗe asusu, a sa amintattu biyu, a rubuta shiga da fita, a ba mutum jari maimakon kuɗin shayi, a kuma ba shi a asirce.

Mafi sauƙin taimako kuwa, in ɗan'uwanka ya ce jikinsa na ciwo, ka gaskata shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya rufa mana asiri. Wassalamu alaikum.