Jawabin 'yan kasuwa a bikin zagayowar shekarar ƙungiya: maganar lambu

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, malamanmu na yaƙi da jahilci, da mazajenmu da suka bar mu muka fito, sannunku da zuwa.

Mu masu zama gaban faifan kayan miya aka ce mu yi magana, to ga abin da muke gani. Duk ranar Talata a kasuwar Mafara mace za ta tsaya ta taya tumatir, ta taya albasa, sannan ta koma da kuka da daddawa kawai. Ba rowa ba ce, kuɗin ne bai kai ba. Mu ma da muke sarowa, kuɗin mota ya cinye ribar tun kafin kwando ya sauka. Ga gonakin nesa kuma, kowa ya san abin da ya hana zuwa can. Ba sai mun faɗa ba, Allah ya kawo mana ƙarshensa.

Abin takaicin, ruwa muke da shi. Tun 1978 aka gama madatsar Bakalori a kan gulbin Sakkwato, ruwanta na ratsa Maradun da Mafara da Bakura. Amma mata nawa ne cikinmu ke da ko fangali ɗaya da sunansu? Mu dai aikatau da tsince.

Shawararmu ita ce ƙungiya ta nemi aron fili a cikin shingen wata babbar makaranta, mu yi lambun haɗin gwiwa. Allah ya ba mu makarantun a kusa: ga Jami'ar Jihar Zamfara a Mafara, ga kwalejin Abdu Gusau, ga ta aikin gona a Bakura. Wurare ne masu ƙofa da mai gadi, inda mace za ta shiga da hantsi ta yi ban ruwa ta dawo kafin azahar. Kuma ba bara za mu je yi ba. Ɗalibai da malamai suna cin miya kullum, ga ganye ɗanye a bakin ƙofarsu, masu karatun noma kuma sun sami inda za su gwada abin da ke cikin littafi. Mu ma mu ƙaru da su wajen maganin ƙwari, don wanga feshin da ake yi da ka yana ba mu tsoro.

Kada mu fara da albasa, tana cin wata huɗu ko fiye, kuma haƙurin mai bashin adashi bai kai nan ba. A fara da alayyahu, cikin wata guda an fara yanka. A bi da kuɓewa da yakuwa da rama, a kewaye da zogale. Tumatir in ya yi yawa farashi ya faɗi, mu yanka mu shanya kauɗa, mu ajiye sai damina lokacin da ake nemansa ido rufe. Matan da ba sa fita a kai musu iri su shuka a buhu a tsakar gida, kason su ya shiga lissafi ɗaya da namu.

Abu ɗaya ne ba za mu sassauta ba: takarda. Yawancinmu muna goye ko ba a haife mu ba a 1980, lokacin da manoman Bakalori suka tashi kan diyyar gonakinsu har aka zubar da jini, amma a gidajenmu muka tashi muna jin labarin. Maganar ƙasa a nan ba ta baki ba ce. A rubuta shekara nawa aka ara mana, wa zai biya man injin ruwa, kuma in za a karɓi filin a bari mu kwashe amfani tukuna. Da can dangwala yatsa muke yi mu tafi. Yanzu, albarkacin ajin yamma, za mu karanta ta da kanmu, ko da da ƙyar ne, kafin kowa ta sa hannu.

Muna roƙon a fitar da mata biyar yau ɗin nan, cikinsu har da ma'aji, su rubuta wasiƙar kafin ruwa ya ɗauke, don renon iri ba ya jiran kowa. Mai son fangali ta ba sakatariya sunanta bayan an ci abinci.