Sassaƙar Baka: Yadda Ake Koya wa Itace Lanƙwasa

Jawabina na yau a kan baka ne, kuma domin 'yan sashen Hausa kada su zaci adabin baka za a tattauna, bakan maharba nake nufi, mai tsirkiya da kibiya.

Kada wani ya raina wannan makami. A yaƙin Tabkin Kwatto cikin shekarar 1804, rundunar Gobir ta fi jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo dawaki nesa ba kusa ba, amma 'yan baka suka tsaya suka karya barade. Marubuta tarihi sun yi ta bayanin shugabannin yaƙin da dafin kwankwani da ake shafa wa kibau. Wanda aka manta shi ne mutumin da ya sassaƙa bakan.

Baka iri biyu ne. Akwai na haɗi, irin na Turkawa da Mongol, wanda ake manna ƙaho da jijiya a jikin itace. Akwai kuma na itace guda, ba haɗi ba manni, shi ne namu. Irinsa ne aka tono a Holmegaard ta ƙasar Denmak, mai shekaru wajen 9,000, kuma irinsa ne fiye da 130 da aka samu a jirgin yaƙin Ingila mai suna Mary Rose, wanda ya nutse a 1545.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, in an ja baka, fuskokinsa biyu ba wahala ɗaya suke sha ba. Fuskar da ke duban abin harbi, watau bayan baka, miƙewa take yi. Wadda ke duban maharbi, watau cikin baka, matsewa take yi. Itace kuwa zare-zare ne jere da juna, saboda haka in wuƙa ta tsinke zaren baya ko da wuri ɗaya, nan ne zai tsage ran da aka ja shi da ƙarfi. Don haka gwani ɓawo kawai yake ɓarewa a baya, ya bar shi yadda ya tsiro. Duk sauran aiki a ciki da gefe ake yinsa.

Itacen da ake nema shi ne miƙaƙƙe, marar ƙulli, marar murɗiya, mai komawa in an tanƙwara shi, irin su dargaza da ɗunɗu. Ba a gaggawar busar da shi. A inuwa ake ajiye shi watanni, a toshe bakin sara don kada ya dare. Ɗanyen itace in an lanƙwasa shi, a lanƙwashe zai zauna har abada, ba kuwa zai tura kibiya ko'ina ba. Wanda ya bushe ƙayau kuma karyewa yake yi. Shi ya sa baka guda yakan yi laushi da damina, ya yi tauri da hunturu.

To, bayan an fitar da siffa da gizago, tsakiya da kauri, bakin nan biyu suna sirancewa, sai a shiga ainihin aikin, watau daidaita lanƙwasa. Manufa ita ce kowane taƙi na hannuwan baka biyu ya ɗauki rabonsa na wahala. Mai sassaƙa yakan kafa bakin sandan a ƙasa ya danna, ya duba. In ya fara bayarwa, sai a sa masa doguwar tsirkiya sako-sako, a ɗora tsakiyarsa a kan wani sanda mai tsage-tsage, a maƙale tsirkiyar a tsaga ta kusa, a ja da baya a ƙare masa kallo. Inda ya ƙi lanƙwasa a yi alama da gawayi, a kankare. Inda ya lanƙwashe fiye da kima, kamar gwiwa, kada a taɓa shi sam; maƙwabtansa za a rage har su karɓi nasu kason. A nan ne sabon hannu yake faɗuwa, don idonsa kan wurin da ya lanƙwashe yake zuwa, wuƙarsa kuwa ta bi idon.

Me ya sa ake kankara, ba a sara? Lissafi ne ya hana. In ka ninka fāɗin itace, taurinsa ninki biyu zai yi, amma in ka ninka kaurinsa, ninki takwas zai yi. Ashe ke nan wanda ya rage kashi 1 cikin 10 na kaurin baka ya zubar da fiye da rubu'in ƙarfinsa. Abin da aka kankare kuwa ba ya komawa. Na sha jin ana cewa masu sana'ar gargajiya ba su da ilmin kimiyya. Ni dai a ganina, wanda hannunsa ya san wannan ƙa'ida ya san ta, ko da bai taɓa rubuta ta a allo ba.

Sharuɗɗa biyu suka rage. Bayan kowace kankara sai a ja bakan a hankali sau 20 ko 30 kafin a sāke dubawa, don itace ba ya nuna canji nan take. Sa'an nan ba a jansa ya wuce nauyin da ake so ya ƙare a kai. In bakan laba 50 ake nufi, kada ma'auni ya taɓa wuce 50, ko da tsirkiyar ba ta yi nisa ba tukuna. Da haka ake ƙara nisan ja, inci bayan inci, har ya kai tsawon jan mai shi. Daga nan sai a goge, a shafe shi da man kaɗanya don ya tsare shi daga raɓa.

Ga 'yan gidajen adana kayan tarihi da ke cikinmu, ina da roƙo. Bakan da ke rataye a bango siffa kawai yake nunawa. Akwai Sarakunan Baka a garuruwanmu, kuma ta hannunsu za a kai ga dattawan da suka iya aikin. A je a ɗauki hoton aikin tun daga saran itace, a rubuta sunan itacen da watan da aka sare shi, da kalmomin da mai sassaƙa yake kiran kowane sashe da su. Bakan da ya daɗe a ajiye kuwa, a kwance masa tsirkiya, kada kuma a bar baƙo ya gwada jansa.