JIRI DA KASALA: IDAN JINI YA SAUKA

Jawabin da aka gabatar ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, a ƙasar Argungu.



Kowa ya san hawan jini. Amma akwai kishiyarsa, wato saukar jini. Mutum yana zaune lafiya, da ya miƙe sai ya ga duhu. Wani kuma yana ɗagowa daga sujada sai jiri ya ɗebe shi, har ya dafa bango. Ga kasala, ga ciwon kai. A ƙauye sai a ce iska ce, ko sammu. Sau da yawa kuwa jini ne bai kai kwanya da ƙarfi ba.

Zuciya kamar injin ban ruwa take a fadama. Ita ke tura jini cikin jijiyoyi. Idan ruwan rijiya ya ja baya, injin ba zai kai ruwa ƙarshen gona ba. Haka jiki yake. Ma'aikacin lafiya yana ɗaura abin awo a damtse, ya karanta lamba biyu. Ta mai lafiya takan kai kimanin 120 bisa 80. Idan ta gaza 90 bisa 60, jini ya sauka. Akwai masu ƙaramar lamba tun asali, kuma garau suke. Waɗannan ba su bukatar magani.

Babban dalili a nan ƙasar shi ne ƙarewar ruwan jiki. A watan Afrilu da Mayu zafin Birnin Kebbi da Argungu yakan wuce digiri 40. Mai noman rani yana cikin shinkafa tun safe, gumi yana zuba, bai sha ruwa ba sai azahar. Zawo da amai sun fi haka sauri, suna iya kayar da ƙato cikin yini ɗaya. Maganin farko yana gida. A samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A dama, a riƙa kurɓa. Idan akwai na ƙunshi da ake bayarwa a asibiti, ya fi.

Kada a haɗa saukar jini da ƙarancin jini. Abu biyu ne, ko da yake dukansu suna kawo jiri da gajiya. Ƙarancin jini yana sa tafin hannu da cikin ido su yi fari. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo shi. Tsargiya ma haka. Masunta da yara masu wanka a gulbi sun san fitsarin jini, har wasu iyaye suna cewa alamar balaga ce. Ciwo ne. Tsutsa ce da ke fitowa daga ɗan katantanwar ruwa, ta shiga ta fata. Ƙwayar praziquantel tana kashe ta. Abincin da ke gina jini kuwa ba nesa yake ba: kifi, hanta, wake, zogale, alayyafo. Sai dai a bar shan shayi tare da abinci, don yana rage amfanin.

Mata masu ciki su saurara. Jini yakan ɗan sauka a tsakiyar ciki. Mai ciki ta kwanta a gefen hagu, ta je awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta. Mai jego kuma, ruwan wanka mai tsananin zafi yana buɗe jijiyoyi, jini ya ƙara sauka. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego da ke yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Idan ƙafa ta kumbura, numfashi yana sarƙewa, asibiti za a nufa.

To, yaya mutum zai zauna da wannan hali? Da asuba kada ya zabura daga shimfiɗa. Ya zauna tukuna, ya motsa ƙafafu, sannan ya miƙe. Ya tafi gona da gorar ruwa. Aiki mai nauyi a yi shi da sanyin safiya. Mai azumi ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur. Mai yawan jiri kada ya shiga kwalekwale shi kaɗai, kada ya hau bishiya.

Idan wani ya faɗi, a kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa bisa buhu ko turmi. Kada a ɗura masa ruwa sai ya farfaɗo sosai, don zai iya shaƙewa. Idan akwai ciwon ƙirji, ko gumi mai sanyi, ko baƙin kashi, ko zubar jini bayan haihuwa, a nemi mota nan take. Ga Babban Asibitin Argungu, ga Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi.

Abu ɗaya ya rage. Mai hawan jini ma yakan ji jiri. Don haka kada kowa ya ƙara gishiri a tuwo, ko ya sayi ƙwaya a tiren mai talla, alhali ba a auna shi ba. Wanda yake shan maganin hawan jini kuma jiri ya dame shi, kada ya bar maganin da kansa. Ya ɗauki kwalin ya koma wurin wanda ya rubuta masa, a sake awo yana kwance, a kuma sake yana tsaye.